Dirhamin Bagadaza da Na Taya a Landan

Tun ina yaro nake jin ana cewa mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami 3, nisabin zakka kuma dinari 20 ko dirhami 200. Malaminmu na zaure ya biya mana, mun haddace, kuma aure nawa aka ɗaura a gabana ana ambaton rubu'in dinarin nan. Amma har na girma, na yi iyali, aiki ya kawo ni Birmingham, ban taɓa ɗora ido a kan dinari ko dirhami ba. Na ɗauka sun tafi tare da mutanensu.

Liyari ne ya fara jawo ni. Bayan rasuwar kakata aka raba 'yan kayanta, Inna ta aiko mini da guda ɗaya daga cikin waɗanda ke jikin tsohuwar sarƙarta, wai in ajiye don tunawa. Azurfa ce mai nauyi, fuska ɗaya da hoton wata Baturiya mai jiki, ɗaya fuskar da gaggafa mai kai biyu, ga 1780 a rubuce ɓaro-ɓaro. Na yi lissafi na ga shekara 240 da ɗoriya, na ce to, Allah ya kashe ya ba ni. Kwana biyu ina bincike murna ta koma ciki. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Da yake fatake tun daga Bahar Maliya har Borno sun saba da kuɗin, ba sa yarda da wani, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canzawa, a Vienna, a Landan, a Bombay, har a nan Birmingham. Kuɗinsa bai wuce na azurfar jikinsa da wani abin kirki ba, balle na kakata da maƙeri ya liƙa wa kunnen ratayewa.

Sai dai a garin binciken na gano dirhamin Banu Umayya da na Abbasiyawa suna nan birjik, ana cinikinsu kamar tsoffin agoguna, wasu ma ba su kai kuɗin takalmin ƙwallon ɗana ba. A daren na shiga wani dandalin saye da sayarwa na intanet, na ga wani ya sa dirhamin Wasiɗ, wani tsohon birni a Iraƙi, fam 18. Ban shawarci kowa ba na biya. Araha ba ta ado, amma a lokacin gani nake na yi wa duniya wayo.

Da shi a aljihu na je baje kolin tsoffin sulalla na farko a rayuwata, wanda ake yi ranar Lahadi a gidan tarihin babura da ke kusa da filin jirgin saman Birmingham. Babban zaure ne, tebura a jere, kowanne da fitila mai lanƙwasa wuya da akwatunan gilashi. Yawancin mutanen dattawa ne masu furfura, kowa da ɗan gilashin ƙara girma rataye a wuya kamar laya. Wurin tsit, ba ya kama da kasuwa. Abin da kake ji kawai ƙarar jawo tire da ƙus-ƙus. A wani tebur na tarar da kwano cike da tarkacen kuɗin ƙasashe, na sa hannu ina tonawa, sai ga kobo mai huda da anini, da tauraronsu mai kusurwa shida da rubutun Larabci. Mai teburin ya nuna mini wani ɗan ƙaramin harafi a jiki, H a wasu, KN a wasu, ya ce alamar masana'antu biyu ne na Birmingham da suka buga su. Kobon da Baba ke ba mu labarin ana ba shi ya sayi ƙosai, ashe a bayan gidana aka ƙera shi. Na ɗebi uku.

Mai kuɗin Musulunci mutum ɗaya na samu, can a lungu, shi ma tire biyu kacal cikin kayan Rumawa da Girkawa. Na ciro nawa ina taƙama na miƙa masa. Bai ko ɗauki gilashi ba, ya ɗora shi a ɗan sikeli. Giram 3.7. Ya ce dirhamin wannan zamani ba ya cika giram 3, yawanci tsakanin 2.8 da 2.9 da 'yan kai yake. Sannan ya juya shi a ƙarƙashin fitila ya nuna mini wani siririn layi da ya zagaye gefen, inda bakin mazubi biyu suka haɗu, da wasu 'yan ƙananan ramuka kamar na kumfa a tsakanin haruffa. Na gaske bugawa aka yi: a sa fallen azurfa tsakanin hatimi biyu na ƙarfe a sauke masa guduma, shi ya sa haruffansa ke fitowa da kaifi. Nawa zubi ne, haruffan sun yi luƙui kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Ya ce in buɗe shafin wanda ya sayar mini in duba abin da ya sayar a baya. Nan a tsaye na duba a waya. Dirhamina ne sak, da ɗan ɓallin da ke gefensa, an sayar da shi har sau uku. Abin da aka buga da hannu kuwa ba a samun biyu da suka yi kama har tabo.

Bai yi mini dariya ba, sai ya ciro na gaske ya ce in riƙe ta gefe, kada in sa yatsa a fuskar. Ya fi nawa faɗi, ya fi shi sirantaka, kamar ka hura ya tashi. A tsakiya ga "La'ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu" layi uku. Rubutun Kufi ne, ba ɗigo ba wasali, amma wanda ya yi karatun allo ba zai ji shi baƙo ba, don rubutun da muke yi da tawada da alƙalamin kara jikan wannan ne. Na bi zagayen a hankali ina juya shi: "Bismillahi, duriba hazad dirhamu bi Wasiɗ..." har na kai shekara. Dattijon ya gyara zama ya ce, to, saba'in ne ko tis'in? Na duba na ce hamsa da saba'in, 75. Ya girgiza kai. A shekara ta 75 bayan Hijira ba a gina Wasiɗ ba tukuna, sai bayan shekara ta 80 Hajjaju bin Yusuf ya kafa ta, kuma kuɗin da ba hoto sai rubutu zalla Halifa Abdulmalik bin Marwan ne ya fara su da dinarin shekara ta 77. Ya nuna mini dabarar: in dogon haƙorin ne a farko, gajeru uku na biye, tis'in ne, in gajerun ne a gaba, saba'in. Nawa 95 ne, zamanin Walid ɗan Abdulmalik. Baturen da ba ya iya gaisuwa da Larabci ya gyara mini karatu, na kuwa karɓa.

Da na juya bayan na ga Ƙulhuwallahu ce, sai na tuna ba ni da alwala, na ajiye shi da sauri a kan ƙyallen. Daga baya na karanta cewa tun a wancan zamani akwai malaman da ba su so a sa aya a jikin kuɗi ba, don kuɗi ba ya zaɓen hannun da zai shiga.

Ya sa masa fam 50. Jinin Kantin Kwari ya motsa, na taya 25. Kallon da ya yi mini ya fi albarka zafi. A irin wannan wuri ana ragi, amma kaɗan: ka tambayi ƙarshen farashi cikin ladabi, a sauke maka 'yan fam, shi ke nan. Ya sallama a 45. Ya sa shi a 'yar ambulan ta takarda, ya ce kada in ajiye shi a leda mai laushi don tana sa ƙarfe ya yi kore, kada kuma in kuskura in goge shi da komai. Baƙin da nake gani a lungun haruffa masu saye suna son sa. Sannan ya haɗa mini da rasit da wata 'yar zagayayyar takarda da ta yi jawur don tsufa, an rubuta da alƙalamin tawada. Ya ce ta wanda ya mallake shi kafin shi ce, in ta ɓata rabin darajar ta tafi.

Na daɗe ban fahimci maganar ba, sai da na lura abin nan isnadi ne. Kamar yadda ake bin hadisi daga wane zuwa wane, haka masu wannan harka ke bin sulai: daga tarin wane ya fito, a gwanjon wace shekara aka sayar da shi, akwai hotonsa a tsohon kundi ko babu. Ba don burgewa ba ne kawai. Wanda ke da isnadi ya fi wuyar zama jabu, kuma ya fi nisa da kayan da aka tone da dare aka tsallaka da su iyaka. Dokar Birtaniya ta hana cinikin kayan tarihin da aka fitar daga Iraƙi ba bisa ƙa'ida ba bayan Agustan 1990, na Siriya kuma daga Maris na 2011. Manya ma ba su tsira ba. Zinariyar da Brutus ya buga don tuna kisan Yuliyas Kaisar an sayar da ita a Landan a 2020 sama da fam miliyan 3, a 2023 aka mayar da ita Girka, don asalin da aka rubuta mata ƙarya ce. Gefe guda kuma, ba duk dirhamin Iraƙi ne ya fito daga ƙasar Iraƙi ba, fatauci ya kai su nesa tun suna sababbi. A tsibirin Gotland na Suwidin an tono taska ɗaya a 1999 mai sulalla sama da 14,000, kusan dukkansu na ƙasashen Musulmi.

Wata takwas na yi ina karatu ban sayi komai ba, sannan na ce bari in gwada gwanjo. Abu biyu nake so. Na farko dirhamin zamanin Haruna Rashid. Na biyu, wanda ya fi kwanta mini, dinarin Murabiɗun, daular Yusuf bin Tashfin, saboda zinariyarsu daga wajenmu take: ana haƙo ta a Afirka ta Yamma, raƙuma su keta Sahara da ita zuwa Sijilmasa a Maroko, a buga ta dinari. Ingancinsa ya sa har Kiristocin Andalus suka ari sunan suka raɗa wa nasu kuɗin.

Shiga gwanjo ba kamar shiga kasuwa ba ne. Sai da na yi rajista a shafin kamfanin, na tura hoton fasfo da shaidar adireshi, suka kuma nemi sunan dillalan da na taɓa ciniki da su. Sunan dattijon nan kaɗai gare ni, shi na bayar, bayan kwana biyu aka amince. Kundin kayan yana fitowa makonni kafin ranar, kowane sulai da lambarsa, hotonsa gaba da baya, nauyinsa, garin da aka buga shi, da haruffan da ke nuna lafiyarsa: F ya sha hannu, VF da sauran kyansa, EF kamar bai zaga kasuwa ba. A ƙarshe sai ƙiyasin farashi. Wannan ƙiyasi shi ne tarkon baƙo, don sau da yawa ana sa shi ƙasa-ƙasa a jawo masu tayi. Abin dogaro shi ne rumbunan intanet da ke ajiye sakamakon gwanjon baya, irin su acsearch da CoinArchives, inda za ka ga nawa irinsa ya tashi bara da bara waccan. Na kuma karanta ƙananan rubutun bayan kundin, inda la'ada take: kashi 20 cikin ɗari a kan farashin da guduma ta faɗa, da harajin VAT a kan la'adar, wato kashi 24 ke nan. Da a Sifen zan saya, inda dinarin Murabiɗun ya fi yawa, da sai na jira takardar izinin fitarwa na makonni, in kuma biya kashi 5 na shigowa da shi.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai. Zinariya da azurfa a fiƙihunmu hannu da hannu ake cinikinsu. Na tambayi wani malami a masallacinmu, ya ce abin da ya fi kwanciyar hankali in biya in karɓa a zama ɗaya. Wannan ya sa ban bar tayina a rubuce ba, ban kuma zauna a gida ina danna kwamfuta ba. Na ɗauki hutun kwana biyu na hau jirgin ƙasa zuwa Landan, a makon da ake babban baje kolin Coinex, lokacin da gidajen gwanjo ke jera cinikinsu.

Ranar farko ta duba kaya ce. Aka zaunar da ni a tebur mai fitila, na rubuta lambobin da nake so, wata ma'aikaciya ta riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya, ba a ba ka na biyu sai ka mayar da na farko. Dinarin na Ali bin Yusuf ne, bugun Sijilmasa, giram 4 da 'yan kai, rawaya mai taushin gani, ba irin ƙyallin sarƙar kanti ba. A zagayensa ayar "Wa man yabtagi gairal Islami dinan". Hoto bai nuna ba, amma a hannu na ga ya ɗan lanƙwashe an miƙar da shi. Dirhamin kuwa ya fi hotonsa kyau. Bugun Madinatus Salam ne, sunan da Halifa Mansur ya sa wa Bagadaza, shekara ta 181. Na nemi sunan Haruna sama da ƙasa ban gani ba. Sunan ɗansa Al'amin ne a jiki, a matsayin mai jiran gado, can ƙasa kuma kalma ɗaya ita kaɗai: Ja'afar. Ja'afar Barmaki ke nan, na hannun daman Halifa, wanda shekara 6 bayan an buga wannan azurfa Halifan ya sa aka fille masa kai. Na jima ina kallon haruffan nan huɗu. Yana kuma da tsohuwar takardarsa daga tarin wani da ya saye shi tun kafin a haife ni.

Da yamma na biya ta gidan tarihin Birtaniya na ga dinarin Offa, sarkin Mercia, wato yankin da Birmingham take a yau. Ya kwaikwayi dinarin Mansur na shekara ta 157 har da kalmar shahada, ya cusa sunansa a tsakiya, kuma a kife, alamar mai sassaƙa hatimin bai san ina ne saman rubutun ba.

A daren na rubuta iyakata a bayan tikitin jirgi: dinari fam 700, dirhami fam 80.

Ɗakin gwanjon bai kai ajin makaranta biyu ba, mu da ke zaune ba mu fi 20 ba. Sauran masu tayin suna waya da intanet, ma'aikata a gefe suna ɗaga musu hannu. Aka ba ni kati mai lamba. Mai gwanjon yana gudu kamar mai tilawa, kowace lamba ba ta cin rabin minti. Na zauna ina kallon yadda tsofaffin hannu ke yi: ba sa ɗaga kati sama, ɗan gyaɗa kai ne kawai, in sun bari kuma su girgiza shi sau ɗaya su koma kan kundinsu.

Dirhamin ne ya riga zuwa. Ƙiyasinsa 40 zuwa 60. Aka buɗe a 35, na ɗaga, wani a intanet ya ce 45, muka yi ta hawa biyar-biyar. Da na ce 70 sai allon ya yi shiru. Mai gwanjon ya duba hagu ya duba dama, ya buga guduma, ya karanta lambata. Zuciyata na bugawa kamar na ci jarrabawa.

Wannan daɗin ne ya kusa kai ni ya baro. Da aka zo kan dinarin, ƙiyasi 600 zuwa 800, aka fara a 500 ana hawa hamsin-hamsin. Na ce 600, aka ce 650, na ce 700. Nan ya kamata in ajiye kati. Aka ce 750, mai gwanjon ya kalle ni, ni kuma ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. 800. Cikin daƙiƙun da suka biyo baya kaina ya buga lissafi: da la'ada fam 992, ga hayar gida, ga kuɗin makarantar ƙanwata da na yi wa Inna alkawari. Gumi ya karyo mini a cikin sanyin Landan. Ban taɓa addu'ar a fi ni ba sai ranar. Wata mata da ke riƙe da waya ta ɗaga alƙalami, 850. Na sauke ajiyar zuciya har na kusa da ni ya waiwayo. Suka ci gaba da fafatawa da wani, ya tashi a 1,200.

Bayan an tashi na je teburin biya. Guduma 70, la'ada 14, haraji 2.80, jimla fam 86.80. Na sa kati, aka miƙo mini ambulan a take, na buɗe a gabansu na tabbatar tsohuwar takardar na ciki. A jirgi hannuna bai bar aljihun ƙirjina ba har muka iso.

Yanzu suna cikin ɗan akwati mai tire, kowanne a raminsa, takardunsa a ƙarƙashinsa, na ƙara tawa da ranar saye da inda na saya. Jabun ma ban yar ba, na rubuta masa "jabu" da jan biro, yana kusa da liyarin kakata. Da na nuna wa Inna ta waya ta ce, "Kai ɗan nan, yanzu kuɗi ka sa ka sayi kuɗi? Ana kashe shi kuwa?" Na ce a'a, Inna. Ta yi shiru, can ta ce in zan zo gida in taho da shi Malam ya gani, shekara nawa yana karantar da dirhami bai taɓa ganinsa ba.

Ranar da sabon kundi ya iso ina falo ina dubawa, uwargida na ninke kaya. Na ce mata dirhami biyu gare ni yanzu, saura ɗaya in haɗa sadaki. Ba ta ɗago ba. Ta gama ninke rigar da ke hannunta, ta zo ta zare kundin, ta ajiye mini takardar kuɗin wuta a madadinsa, ta ce, "Alhaji sarkin gwanjo, taya wannan tukuna."